Shekara huɗu Baba yana wankin ƙoda, yanzu an ce an ga ciwon hanta nau'in C

"Assalamu alaikum Likita. Mahaifina shekararsa 61, ɗan kasuwa ne a nan Agege, kuma shekara huɗu ke nan yana wankin ƙoda. In da hali sau biyu a mako, in babu sau ɗaya. Lokacin da ya fara an yi masa gwaje-gwaje aka ce ba a ga komai ba. Makon jiya aka sake gwaji aka ce an ga ciwon hanta nau'in C, kuma wai daga yanzu a kan wani inji na daban za a riƙa ɗora shi. Sau biyu muna canza wurin wanki saboda kuɗi, kuma duk sallah in ya je gida Kano a can ake yi masa. An ƙara masa jini ya kai sau biyar. Likita, a jikin injin ya ɗauka? Mama ta ware masa kwano da kofi, abin ya dame shi har ya daina fitowa falo. Sannan wai gaskiya ne mai ciwon ƙoda ba ya iya shan maganin hanta? Don Allah a yi mana bayani." Wata 'yar'uwa daga Agege.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma masu ɗawainiya Allah ya biya ku. Duk wanda ya san abin da wankin ƙoda yake ci a Legas, ga kuɗin zama, ga kuɗin allurai, ga sammako don gudun cunkoso, ya san riƙe mutum shekara huɗu a kai ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. In na fahimce ki, abu uku kike son ji: ta ina cutar ta shiga, ko zama da shi yana da haɗari a gare ku, da kuma ko mai ciwon ƙoda yana da rabo a maganinta. Da na biyun zan fara, don shi ne ba ya jiran gobe.

A mayar da kwanon Baba cikin na kowa yau ɗin nan. Ki gaya wa Mama cikin ladabi cewa wannan cuta a jini take tafiya, sai jinin mai ita ya shiga jinin wani. Ba a ɗaukarta ta cin tuwo kwano ɗaya, ko shan ruwa kofi ɗaya, ko musabaha, ko buta, ko darduma, ko tsayawa kafaɗa da kafaɗa a sahu. Tari ba ya kawo ta, sauro ma haka. Abin da za a ware masa shi ne duk abin da kan iya taɓa jini: reza, injin aski, burushin haƙori, abin yankan farce, da allurar da ake huda yatsa wajen gwajin suga. Ranar wanki in ya dawo gida wurin allurar ya ɓalle da jini, mai taimaka masa ya sa safar hannu, a goge wurin da jinin ya zuba da ruwan bilic. Tsakanin miji da mata ba a cika ɗauka ba, amma ya dace a yi wa Mama gwaji sau ɗaya hankalinta ya kwanta. Na nace a kan batun kwanon ne saboda mutumin da yake wanki an riga an raba shi da abubuwa da yawa. Ruwa da awo yake sha, an hana shi gishiri, an hana shi ayaba da lemo. In aka ƙara raba shi da iyalinsa a wajen cin abinci, zuciya takan karye, kuma na sha ganin wanda zuciyarsa ta karye ya fara tsallake ranakun wanki.

Me takardar gwajin take faɗa?

Kafin a shiga neman inda aka ɗauka, sai an tabbatar ƙwayar cutar tana nan. Gwajin da galibin wuraren wanki suke yi shi ne na antibodi, wato neman alamar da garkuwar jiki take bari idan ta taɓa karo da ƙwayar. Kamar sawu ne a rairayi, yana nuna an bi ta wurin, amma ba ya nuna ko mai sawun yana nan har yanzu. A alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan kashi 30 cikin 100 na waɗanda suka kamu jikinsu yakan kori ƙwayar da kansa cikin wata shida ba tare da magani ba, alamar kuma ta zauna a jini har ƙarshen rayuwa. Sauran kashi 70 ɗin ne cutar take zaune musu. Ga shi kuma gwajin gaggawa na ɗan tsinke, wanda shi aka fi amfani da shi don araharsa, yakan yi kuskure ta kowane ɓangare.

Gwajin da zai raba gardama shi ne na PCR, wanda yake neman ƙwayar ita kanta ya kuma ƙirga yawanta a jini. Ana yin sa a Cibiyar Binciken Lafiya ta Najeriya da ke Yaba, da manyan ɗakunan gwaji masu zaman kansu. A ɗebi jinin kafin a fara wanki, kafin a sa maganin hana jini daskarewa, domin wankin kan rage yawan ƙwayar na ɗan lokaci, shi kuma maganin yana iya dagula gwajin. In PCR ya ce babu, a maimaita bayan wasu watanni don a tabbatar. In ya ce akwai, sai a shiga batun magani.

Kada wani ya kwantar muku da hankali da cewa ai idonsa bai yi shawara ba, ko kuma gwajin hanta na ALT ya fito daidai. Mafi yawan masu wannan cuta shekaru suke yi ba su ji komai ba, kuma ɗan abin da ake ji, kasala da rashin son abinci da ƙaiƙayi, duk mai wankin ƙoda dama yana fama da su. Shi kuwa ALT a jikin masu wanki ƙasa yake zama fiye da na sauran mutane. Lambar da za a kalla a ce lafiya lau a wajen wani, a wajen Baba tana iya zama ninki biyu na abin da ya saba. Shi ya sa muke kwatanta sakamakon mutum da nasa na watannin baya.

Me ya sa daɗewa a wanki yake ƙara haɗari?

Sai a 1989 aka gano wannan ƙwayar cuta. Kafin nan likitoci suna ganin mutane suna ciwon hanta bayan ƙarin jini, a gwada a ga ba nau'in A ba ne, ba B ba ne, sai suka riƙa kiransa da haka kawai. Mutum uku da suka yi aikin gano ta, Harvey Alter da Michael Houghton da Charles Rice, su aka ba kyautar Nobel a 2020. A farkon shekarun 1990 aka fara tantance jinin da za a ƙara wa mutane, a 1989 ɗin nan kuma aka amince da allurar erythropoietin a Amurka, wadda take sa jiki ya ƙera jininsa, ta rage buƙatar ƙari. Waɗannan biyun sun rage kamuwa ƙwarai. Duk da haka aka ci gaba da samun masu wanki suna kamuwa, har da waɗanda ba a taɓa ƙara musu ko leda ɗaya ba. Nan ne hankalin masana ya koma kan ɗakin wankin shi kansa.

Babban binciken nan na ƙasa da ƙasa da ake kira DOPPS, wanda ya bi masu wanki a ƙasashe sama da 20, ya samu kusan mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da alamar cutar tsakanin 2012 da 2015, kuma gwargwadon shekarun mutum a wanki gwargwadon yawan masu ita. Najeriya ba ta cikin waɗancan ƙasashe, amma ki kwatanta da binciken ƙasa na 2018 da ya samu kimanin kashi 1.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 da nau'in C, kashi 8.1 kuma da nau'in B. Lissafin mai sauƙi ne. A yadda kika bayyana, Baba ya hau gadon wanki tsakanin sau 200 zuwa 400. Kowane zama an buɗe hanyar jininsa, jinin ya yi awa huɗu yana zagaye a waje, a ɗakin da mutum shida ko goma suke cikin irin wannan hali, hannayen ma'aikata kuma suna kai da komo a tsakaninsu. Haɗarin zama ɗaya ɗan kaɗan ne. Taruwa yake yi.

A ƙasarmu akwai ƙari a kan wannan. Tun 1981 aka fara wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, amma har yau mafi yawan mutane daga aljihunsu suke biya, kuma aljihun nan shi yake jawo abubuwa biyu da kika ambata. Na farko ƙarin jini. Allurar erythropoietin da sinadarin ƙarfen da ake sawa ta jijiya suna da tsada, sai a bari jini ya yi ƙasa sosai sannan a nemo leda. Jihar Legas tana da hukumar kula da ƙarin jini da ta wajabta tantance kowace leda daga ƙanjamau da nau'in B da C da tunjere, kuma wannan ya rage haɗarin nesa ba kusa ba. Sai dai akwai tazarar da gwajin antibodi ba ya gani. Ƙwayar takan bayyana a jini mako ɗaya zuwa biyu bayan kamuwa, alamarta kuwa sai bayan wata biyu zuwa uku. Wanda ya ba da jini a tsakanin nan, gwaji zai wanke shi alhali yana ɗauke da ita. Na biyu sauya wuri. Wuri uku a Legas da wani a Kano, kowane da irin tsaftarsa da irin mutanen da ake zama da su, kuma sau da yawa takardun mutum ba sa binsa.

Kada kuma a manta da wajen asibiti. Askin wanzami da aska ɗaya, ƙaho, masu yawon yankan farce da almakashi ɗaya a kasuwa, allurar kemis, cire haƙori a inda ba a dafa kayan aiki. Ina tambayar kowane majinyacina waɗannan, ba don in wanke asibiti ba, sai don in an toshe ƙofa ɗaya kada a bar wata a buɗe.

To, injin ne?

Kusan kowa haka yake zato, kuma a mafi yawan lokuta ba cikin injin ba ne. Jinin majinyaci ba ya shiga cikin injin. Ta cikin robobi yake bi zuwa matatar da ake kira ƙodar roba, ya dawo. Injin famfo ne da ma'auni. Ruwan wankin yana ɗaya gefen wata siririyar fata a cikin matatar, ƙwayar cutar kuma ta fi ƙarfin ramukan fatar in dai ba ta yage ba. Wuri ɗaya da jini kan iya kutsawa shi ne bakin ma'aunin matsi, inda ake maƙala wani ɗan ƙaramin mataci. In jini ya jiƙa shi dole a canza nan take, a kuma duba bayansa kafin a ɗora wani.

Inda cutar take bi shi ne bayan injin da kewayensa. Ki tsaya ki kalli ɗakin wanki da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe, lokacin da 'yan zaman farko suke sauka, na biyu suna zaune a benci suna duba agogo. Nas tana danne hannun wani dattijo da auduga don jini ya tsaya. Injin gado na gaba ya fara ƙara. Ta miƙa hannu ta danna maɓalli, da safar da ta danne jinin. Ƙarar ta tsaya, kowa ya samu sauƙi, ba wanda ya ga komai don babu ja a jikin maɓallin. Bayan minti biyar wata ta zo ta taɓa maɓallin nan, ta juya ta kama bakin robar da ke wuyan mai gadon. Shi ke nan. Ɗigon da ido ba ya gani ya isa, kuma gwaje-gwaje sun nuna ƙwayar tana iya yin kwanaki, har makonni, a busasshen jini a kan tebur ko ƙarfe.

Shekarun baya a wani ɗakin wanki da na yi aiki, gwajin wata shida ya nuna mutum biyu sun kamu. Ba a ƙara wa ko ɗayansu jini ba a wannan tsakanin, kuma ba inji ɗaya suke hawa ba. Abin da ya haɗa su rana ɗaya da zama ɗaya, tare da wani bawan Allah da muka san yana da cutar. Kwana uku na yi ina zaune a kusurwa ina kallo kawai. Akwai wani ɗan teburi mai taya da ake turawa gado zuwa gado, a kansa filasta da auduga da almakashi da kwalbar heparin, maganin hana daskarewar nan. Kwalba ɗaya ce ake zuƙa wa mutum huɗu ko biyar, a bakin gado, wani lokaci da safar da aka gama haɗa wani. Sabon sirinji ake sawa kowane karo, shi ya sa kowa yake ganin ba laifi. Ma'aikatan nan ba mugaye ba ne, mutum biyu ne a kan gado takwas. Muka kawar da teburin, muka koma haɗa magani a wani ɗaki daban, kowane gado da tirensa, muka kuma ƙara tazara tsakanin zama da zama don kada a ɗora kowa sai an goge inji da gado an bar su sun bushe. Ban sake ganin sabon kamu ba har na bar wurin. Amma mutum biyun nan a hannunmu suka kamu, kuma a lokacin maganin da ake da shi yau bai iso ba. Har yanzu abin yana raina.

Ba matsalar ƙasashe matalauta ba ce kaɗai. A farkon 2016 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da gargaɗi bayan an kai mata rahoton sabbin kamu 36 a wuraren wanki 19 cikin jihohi takwas tsakanin 2014 da 2015. Abin da aka gano a wuraren da aka bincika shi ne irin wanda na gaya miki: sakaci wajen allura, goge kaya, da wanke hannu.

Wannan ya kawo mu kan injin daban da aka ce za a ɗora Baba. Ƙa'idojin ƙungiyar KDIGO, waɗanda likitocin ƙoda na duniya suke bi, a bugun 2018 da na 2022 ba su goyi bayan ware inji ko ɗaki don masu nau'in C ba. Ni ma ra'ayina ke nan. Ware inji ba ya gyara hannun da bai canza safa ba, yana ma sa ma'aikata su saki jiki da sauran gadaje, alhali a cikinsu akwai mai yiwuwa wani ya kamu gwaji bai nuna ba tukuna. Duk da haka wurare da yawa a ƙasar nan suna warewa, kuma ba zan ce ku tayar da rigima a kai ba. Tambaya ɗaya ce tilas ki yi: injin nan, ana ɗora masu nau'in B a kansa? Nau'in B ya fi saurin yaɗuwa nesa ba kusa ba, shi ne ƙa'ida ta ce a ware wa masu shi ɗaki da inji da ma'aikaci. In aka tara duk "masu ciwon hanta" a inji ɗaya, an kai Baba bakin wata cutar da ba shi da ita. In amsar e ce, kada ku yarda. A kuma duba ko an yi masa rigakafin nau'in B. Masu wanki ninki biyu ake ba su, maikirogiram 40 kowace allura, sannan a gwada jini a ga ko ya kama. Nau'in C ba shi da rigakafi har yau.

Mai jinya yana da ido, kuma yana da haƙƙin magana. Ki lura ko a gabanku ake yage ledar robobi da matata. Ki lura ko ana cire safa a wanke hannu kafin a taɓa shi, ko a bakin gado ake zuƙar magani daga kwalbar kowa da kowa, ko an goge gado da fuskar inji kafin ya hau. In kin ga abin da bai kwanta miki ba, ki ja shugabar ma'aikatan jinya gefe ki faɗa mata da girmamawa. Wurin kirki ba ya jin haushin wannan.

Maganin, da batun wai mai ciwon ƙoda ba ya sha

Wanda ya gaya muku haka tsohon labari ya riƙe, kuma a da yana da gaskiya. Maganin wancan lokacin shi ne allurar interferon ta wata shida zuwa shekara, da ƙwayar ribavirin mai cinye jini. Masu wanki ba sa jure su, waɗanda suka jure ma da yawa ba su warke ba. Daga ƙarshen 2013, da fitowar sofosbuvir, lamarin ya juya. Magungunan yanzu ƙwayoyi ne da ake sha kullum na mako 8 zuwa 12, kuma suna warkar da sama da kashi 95 cikin 100. Warkewa nake nufi, ƙwayar ta fita daga jiki. Masar, wadda a da ta fi kowace ƙasa fama da cutar sanadin alluran maganin tsargiya da aka yi wa jama'a shekaru da dama da suka wuce, da irin waɗannan ƙwayoyi ta yi gangamin gwaji da magani daga 2018, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaba mata a 2023 a matsayin ƙasa ta farko da ta kai matakin zinare a hanyar kawar da cutar.

Da farko an yi ɗari-ɗari da sofosbuvir ga masu wanki saboda ta ƙoda ragowarsa yake fita. Shi ya sa aka fi ba su haɗin glecaprevir da pibrentasvir, ko elbasvir da grazoprevir, waɗanda ta hanta suke fita. Amma waɗannan suna da wuyar samu a nan, ga tsada. Bayan an tara shaida, a ƙarshen 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a ba masu wanki sofosbuvir ba tare da rage shi ba, KDIGO ma ta bi sahu a 2022. Wannan ya yi mana daɗi ƙwarai, domin haɗin sofosbuvir da daclatasvir, ko da velpatasvir, su ne ake samu a Najeriya da sauƙin kuɗi. Da su nake yi wa majinyatana, kuma ranar wanki nakan ce a sha bayan an sauka daga inji.

Sai dai ba maganin da za a aika yaro ya sayo ba ne. Kafin a fara dole a gwada nau'in B, domin in yana kwance a jiki maganin C yana iya tayar da shi, har hanta ta gaza. A gwada ƙanjamau. A duba yadda hantar take da hoton ciki, in da hali da na'urar FibroScan mai auna taurinta, saboda wadda ta riga ta ƙanƙance har ciki ya tara ruwa akwai magungunan da ba a ba ta. A kwashi duk abin da Baba yake sha a leda a kai wa likita. Amiodarone na bugun zuciya in ya haɗu da sofosbuvir yana iya rage bugun har ya kai ga halaka. Rifampicin na tarin fuka da carbamazepine da phenytoin na farfaɗiya suna kashe ƙarfin maganin. Omeprazole da masu wanki da yawa suke sha don gyambon ciki yana hana velpatasvir shiga jiki yadda ya kamata. A sayi maganin ta hannun asibiti ko babban kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC, a kuma tanadi na wata ukun gaba ɗaya kafin a haɗiyi ƙwayar farko, don yankewa a tsakiya ya fi jinkirin farawa muni.

Ina roƙonki da babbar murya a kan jiƙe-jiƙe. Da zarar an ji "ciwon hanta", 'yan dubiya za su fara zuwa da sassaƙe da garin maganin shawara, maƙwabta Yarbawa kuma da agbo, duk da kyakkyawar niyya. Mutumin da ƙodarsa ba ta tacewa, abin da ya sha yana nan a jininsa har ranar wanki, kuma wasu daga cikin waɗannan jiƙo cike suke da sinadarin fotashiyam da kan tsayar da zuciya. Ku karɓa ku yi godiya, kada ya sha.

Wani zai ce mutum yana fama da ƙoda, me zai sa a ƙara kashe kuɗi a kan cutar da ba ta damunsa yanzu? Domin bincike ya nuna masu wanki da ke ɗauke da ita sun fi saurin rasuwa fiye da waɗanda ba su da ita, ta hanta da ta zuciya. Domin kuma in Allah ya kawo halin dashen ƙoda, cutar ba ta hana dashe, amma barinta ba magani yana cutar da sabuwar ƙodar, yana kuma ƙara haɗarin ciwon suga bayan aiki. Sannan duk wanda aka warkar, an rage mutum ɗaya da za a iya ɗauka daga gare shi a ɗakin.

Daga nan inda nake ba zan iya ce miki ga wurin da Baba ya ɗauka ba, kuma ban ga takardunsa ba balle in zaɓa masa magani. Ƙa'ida ita ce a gwada mai wanki ranar da ya fara, da duk lokacin da ya sauya wuri ko ya dawo daga wani, sannan duk wata shida, ALT kuma kowane wata. Da an bi wannan, da yanzu mun san a cikin wane wata shida abin ya faru, mu duba ina ya yi wanki a lokacin, an ƙara masa jini ko ba a ƙara ba. In gwaji biyu ne kacal a shekara huɗu, tazarar ta yi faɗin da ba za a ɗora wa kowa laifi da adalci ba, kuma yana yiwuwa ma tun farko yana da ita gwajin tsinke bai gani ba. Ki bi duk wuraren da ya yi wanki ki nemi kwafin sakamakonsa. In PCR ya tabbatar, ki sanar da su duka, har na Kano. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai: wurin da ya san aikinsa, in aka samu sabon kamu ɗaya, zai gwada kowa da ke ɗakin ya kuma binciki yadda ake aiki.

Likitan ƙodarsa shi zai haɗa ku da likitan hanta, akwai su a Idi-Araba da asibitin koyarwa na jiha da ke Ikeja. Bayan ya gama magani da mako 12 za a sake PCR, in ba a ga ƙwayar ba ya warke. Daga nan gwajin antibodi ba shi da sauran amfani a wajensa, don zai ci gaba da nuna akwai har abada, kuma warkewa ba ta hana sake kamuwa. Saboda haka PCR za a riƙa yi masa duk wata shida muddin yana wanki. Ki saya masa fayil ɗaya na roba, ki jera komai a ciki bisa kwanan wata, takardar warkewar a sama. In sallah ta zo zai tafi Kano, fayil ɗin ya shiga jaka kafin kaya, don kada wani ya yi masa gwajin tsinke a can ya mayar da shi layin masu cutar.